Jif 'yar Kwatano: ku daina sayen fenti da rantsuwar dillali

Yau ba maganar waya zan yi ba, kuma na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da mota. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, in zagin ne ma ka zage ni bayan ka gama.

Ga abin da ya tunzura ni. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayar da filinsa, ya haɗa da ɗan abin da ya daɗe yana tarawa, ya sayi jif 'yar Kwatano. Ranar da ta shigo layinmu har rakiya yara suka yi mata. Baƙa wuluk, sai sheƙi take, kujerun fata, sanyin AC kamar ka shiga firji, maleji bai kai mil 70,000 ba. Dillali ya rantse wai wata tsohuwar Baturiya ce mai ita, daga gida sai kanti. Bakaniken Yaya ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ce ai wannan injin ko sifana bai taɓa gani ba. Aka biya.

Ba a yi wata huɗu ba gilashin ƙofa ya daina sauka. Bayan shi sai fitilun dashbod suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Rannan kuma ta mutu masa a tsakiyar titi da iyali a ciki. Mai wayarin ya ciro wata 'yar kwamfuta daga ƙarƙashin kujera, Yaya ya kawo min shago ya ce ko zan iya wani abu. Ina buɗewa na ga abin da nake gani kullum a wayar da ta faɗa ruwa: kore-kore da fari-fari sun cinye ƙafafun IC. Na ce Yaya, ba ni lambar bodin motar nan. Na sa ta a Google. Wallahi ko minti biyar ban yi ba sai ga hotunanta a filin gwanjo a Amurka, laka har kan kujeru, malejin da ke jikin hoton ya ninka wanda muke gani.

Minti biyar da datar da ba ta kai naira ɗari ba. Abin da ya raba Yaya da filinsa ke nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mu ɗin nan mun iya bincike in waya ce. Mutum zai zo sayen iPhone Landan-yus, ya danna *#06# ya gwada IMEI da na kwali, ya duba iCloud, ya duba lafiyar batir, ya gwada Face ID, ya tambaya ko an taɓa canja sikirin. Amma shi ɗin dai in ya je sayen motar miliyoyi, sai ya shuri taya da ƙafa, ya kunna AC, ya ƙure rediyo, ya ce "ta yi". Haba jama'a! Motar yanzu kwamfuta ce mai taya huɗu. Tana da lambarta, tana da tarihinta, tana ajiye laifinta a ƙwaƙwalwarta. Wanda bai duba waɗannan ba caca ya yi, ko da jif ɗin ta fi madubi ƙyalli.

Akwai maganganu uku da ake rufe mana ido da su. Bari in bi su ɗaya-ɗaya.

Ta farko: "Malejinta kaɗan ne"

Mu masu gyaran waya mun san yadda ake mayar da batirin da ya gaji ya nuna 100%. Ɗan fanel ake liƙa masa, lamba ta canja, batir yana nan a gajiyarsa. To haka maleji yake. Mai na'ura zai zauna a cikin mota ɗan lokaci kaɗan, mil 190,000 ya koma 80,000.

Yi lissafi da kanka. Ba'amurke yakan yi tafiyar mil 12,000 zuwa 14,000 a shekara. Jif ɗin da ta shekara 12 a can, abin da hankali zai ɗauka shi ne ta yi mil 150,000 ko kusa da haka. In ka ga 60,000, ba murna za ka yi ba, tambaya za ka yi. Kuma ka tuna mil ɗaya kilomita 1.6 ne, motar Amurka da mil take ƙirga, ta Kanada da kilomita. Wasu dillalan da gangan suke cakuɗa su.

Sannan maleji mai yawa ba shi ne mutuwar mota ba. Jif ɗin da ta yi mil 180,000 a manyan tituna ana canja mata baƙin mai a kan kari, ta fi wadda ta yi 90,000 babu mai kula da ita. Amma da yake mun ƙi sayen mota mai malejin gaskiya, mu da kanmu muka koya wa 'yan kasuwa mayar da shi baya.

Ta biyu: "Ai Toyota ce, ba ta mutuwa"

A nan ne za a fi jin haushina. Ban ce Toyota da Lexus da Honda ba su da ƙarko ba. Suna da shi, kayan gyaransu ko'ina akwai, kowane bakanike ya san su. Amma tambarin da ke gaban mota ba laya ba ne. Kamfani ɗaya yakan yi inji mai kyau a wannan shekarar, ya yi mai matsala a wata, kamar dai yadda muka san wane samfurin waya ne ke yawan kawo matsalar caji ko ta sikirin.

Ga misalai, kuma duk kamfanonin da kansu sun amsa su. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana da matsala a kwamfutar inji, wadda kanikawa ke ce wa birenbos. In ta fara lalacewa sai giya ta riƙa shiga da duka, in aka ƙyale ta kashe giyabos ɗin ɗungurungum. Mutum ya canja giya bai taɓa kwamfutar ba, sabuwar ma ta bi ta farko. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin 2.4, wato 2AZ-FE, an san ta da shan baƙin mai saboda zobban fistin. Injin V6 ɗin nan mai 3.5, 2GR-FE, da ke cikin Lexus RX 350 na farko-farko da RAV4 mai silinda shida, inji ne mai kyau sosai, amma ya fito da wata tiyon roba ta baƙin mai da kan fashe, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna. Daga baya aka koma ta ƙarfe. Kai da za ka saya, ka san wacce ce a jikin taka?

Ba Toyota kaɗai ba. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010, lagireto kan fashe ta ciki, ruwa ya haɗu da man giya. Murano kuma giyar CVT gare ta, wadda ba ta son zafi kuma ba ta karɓar kowane mai, har kamfanin ya tsawaita garantinta ga motocin 2003 zuwa 2010. Honda Pilot ta 2003 da Acura MDX ta 2001 da 2002 an yi musu kiranye a 2004 saboda giya. Highlander mai V6 ta 2001 zuwa 2007, da RX 300 da RX 330, da Pilot, duk bel ne ke tafiyar da tayimin ɗinsu, ba sarƙa ba, kuma ana so a canja shi a wajen mil 90,000 zuwa 105,000. In ya tsinke a wasu injinan, bawul da fistin ne za su yi karo. Ka tambayi dillali yaushe aka canja bel ɗin, ka ga yadda zai kalle ka.

Saboda haka tambayar ba "wane kamfani ne" ba ce kawai. Wace shekara? Wane inji? Wace irin giya? Me aka san wannan samfurin da shi? Wannan binciken a wayarka yake, kafin ma ka taka ƙafa zuwa wajen masu mota.

Ta uku: "Bakanikena ya duba"

Ina girmama kanikawa, sana'ar hannu muke yi gaba ɗaya. Kunnen gwani yana jin abin da ni ba zan ji ba. Amma kunne ba ya jin tsatsar da ke cin waya a ƙarƙashin kafet. Ni ma in ka kawo min waya ba na kara ta a kunne in ce lafiyarta lau, mita nake sawa. Sannan mu faɗi gaskiya, wani bakaniken ka ɗauko shi ka ba shi kuɗin mota, dillali kuma ya ja shi gefe ya yi masa alkawarin nasa kason. Ba duka ba, amma yana faruwa, kuma kowa ya sani. Ka je da bakanike, amma wanda kai kaɗai ke biyansa, wanda zai samu kuɗinsa ko an saya ko ba a saya ba.

To me za a yi? Ga yadda nake ganin ya kamata, mataki-mataki.

1. Karɓi VIN kafin komai

VIN ita ce IMEI ɗin mota. Haruffa da lambobi 17 ne, tun 1981 ake wannan tsarin, kuma babu I da O da Q a ciki. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin sitika a bakin ƙofar direba, da takardun kwastan. Dole su zama iri ɗaya. In harafi ɗaya ya saɓa, ka kama gabanka.

Harafin farko yana faɗa maka inda aka ƙera ta: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, K Koriya. Na goma kuma, a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, haka dai. Wannan harafin shi ke tona asirin motar da aka yi wa kwaskwarima. Kun san yadda ake sa wa iPhone XR bodin 14 Pro? Haka ake ɗaukar RX 350 ko Prado ta 2010 a canja mata fuska da fitilu ta koma kamar ta 2018. Fuska sabuwa, inji da giya na nan da shekarunsu.

2. Bincika tarihinta

Fara da na kyauta. Rubuta VIN ɗin a Google ka duba hotuna. Yawancin motocin da suka yi hatsari ko suka sha ruwa ta gwanjon Copart ko IAA suke fitowa, kuma hotunansu kan zauna a intanet. Shafin NICB yana da VINCheck kyauta, yana nuna ko an taɓa ba da rahoton sace ta ko inshora ta yafe ta. Shafin NHTSA kuma yana nuna kiranyen da ba a yi mata ba, ciki har da na jakar iska ta Takata, wadda ke fashewa da ɓarɓashin ƙarfe, kuma zafi da laima ne ke ƙara lalata ta. Ka duba irin yanayinmu ka yi tunani.

Bayan nan ka biya a ciro maka rahoton Carfax ko AutoCheck. Kai za ka ciro, kada ka karɓi wanda dillali ya turo maka ta WhatsApp, gyara PDF ba wuya gare shi ba. A ciki ka duba malejin ƙarshe da aka rubuta da ranarsa, mutum nawa suka riƙe ta, da kalmomin Salvage ko Flood ko Rebuilt. Ka duba jihar da ta zauna. Guguwar Harvey a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na jihar Texas, Ian ta yi nata a Florida a 2022. Motocin nan ba ɓacewa suka yi ba, wasunsu jirgin ruwa suka hau. Ta Kanada da arewacin Amurka kuma gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cin ƙarƙashinta.

Rahoto mai tsabta ba shaidar lafiya ba ce ɗari bisa ɗari, domin abin da ba a kai rahotonsa ba ba zai fito ba. Amma rahoto mai datti ya ishe ka hujja.

3. Sa mata na'ura

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Sayi ɗan ELM327 mai Bluetooth, kuɗinsa bai kai na sikirin ɗin ƙaramar waya ba. Sauke Torque ko Car Scanner, ka murɗa makulli, ka haɗa.

P0300 na nufin inji yana tsallake wuta. P0171 iska ta fi mai yawa. P0420 matatar hayaƙin salansa ce, wadda ake ce wa indomi, ko ta mutu ko an sace ta. P0700 kwamfutar giya ce ke kuka. Amma ga inda wayon yake: dillali zai iya goge lambobin nan da safe kafin ka zo. Don haka ka shiga wajen gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta. In ka ga da yawansu an rubuta Incomplete ko Not Ready, ba a daɗe da gogewa ba, ko an cire batir. Akwai ma layin da ke nuna nisan da ta yi tun da aka goge. In ka ga kilomita 3, ka san akwai abin da ake ɓoyewa. Motocin 2010 zuwa sama kuma suna ajiye wasu lambobin da na'ura ba ta iya gogewa sai an gyara matsalar da gaske.

Ka kuma lura, in ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole fitilar inji da ta ABS da ta jakar iska su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Ɗan ELM327 inji ya fi gani, don haka in da gaske kake, ka biya mai babbar na'ura ya duba giya da birki da jakar iska.

4. Nemi alamar ruwa

Wayar da ta faɗa ruwa takan yi aiki sati biyu, wata ma wata uku, sannan ta fara hauka. Mota ma haka. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba tabon laka. Ɗaga kafet. Ciro safaya ka leƙa raminta. Haska tocilan a kusoshin da suka riƙe kujeru, ka cire soket ɗaya a ƙarƙashin kujera ka duba ko ya yi kore. Motar da aka yi wa wankan turare fiye da kima, ka tambayi kanka warin me ake rufewa. Ra'ayina a nan ba sassauci: motar da aka buga a baya ko a gefe aka gyara da kyau ana iya saye in farashin ya sauka. Motar da ta sha ruwa ko kyauta aka ba ka, ka yi tunani sau biyu.

5. Je da sassafe, ka tuƙa ta sosai

Ka ce kada a tayar kafin ka zo, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyinsa. Inji mai ciwo a tashin farko yake tona kansa. Hayaƙi shuɗi, tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa na shiga inji. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara, gasket ya tafi. Man giya ja-ja ya kamata ya zama, in ya yi baƙi yana ƙauri ko ya koma kamar yogot, ka gudu. Sannan ka tuƙa ta aƙalla minti 30 da AC a kunne, ka shiga cunkoso, ka hau babban titi, idonka a kan allurar zafi. Zagaye layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka sa a ɗaga ta ko a hau rami da ita ka ga ƙarƙashinta. A jikin taya kuma akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin DOT: 2319 na nufin sati na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa a titinmu mai zafi ajali ce, ko da zanenta bai goge ba.

Na san abin da za a ce min. Wani zai ce dillali ba zai yarda a yi wa motarsa duk wannan ba. To shi ke nan, ya ba ka amsa. Wanda ya zo sayar min da waya ya hana ni duba IMEI, na san abin da ke hannunsa. Dillalai masu gaskiya suna nan, kuma su ne ke fara miƙo maka VIN tun ba ka tambaya ba.

Wani zai ce ai komai ƙaddara ce, sabuwa fil ma tana lalacewa. Gaskiya ne. Amma ba wanda ke barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce ƙaddara. Ka yi naka, sannan ka bar wa Allah sauran.

Wani kuma zai ce talaka ba shi da kuɗin mota mai tsabtar tarihi, dole sai ta gwanjo. Wannan maganar tana da ƙarfi, ban musa ba. Da yawan motocin da ke shigowa masu hatsari ne aka gyara, kuma don haka ne ma kuɗinsu ya zo daidai aljihunmu. Matsalata ba da motar gwanjo ba ce. Matsalata a sayar maka da ita a farashin wadda ba ta taɓa komai ba. Ka san abin da ka saya, ka biya kuɗin da ya dace da shi.

Abu na ƙarshe, kuma wannan laifinmu ne mu masu saye. Ƙarkon jif ba ya ƙarewa a ranar ciniki. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mai V6 ko V8 ya san abin da yake ji a gidan mai. Jif tayarta ta fi tsada, shokanta ya fi tsada, man giyarta na musamman ne. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a saye, bai bar na gyara ba, shi ne zai koma zuba baƙin man kan titi, ya bari a cire masa tamostat a haɗa fanka kai tsaye, a fasa indomi a sayar, a zuba wa CVT man giyar da aka samu. Bayan shekara ya dawo yana cewa motar ba ta da ƙarko. Kafin ka saya, ka shiga kasuwar kayan gyara ta garinku ka tambayi kuɗin giya, da birenbos, da fitilar gaba na wannan samfurin. Ka tambaya kanikawa nawa ne suka iya ta a garin. In kuɗinka iya na sayen ne cif-cif, ka sauko ka sayi ƙaramar da za ka iya riƙewa. Ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne jif a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, kai kuma kana tsaron Keke Napep a bakin titi.

Motar Yaya tana gareji yau wata na biyu. An canja kwamfuta biyu, ta uku ta fara. Dillalin ya ce shi ma haka ya saye ta, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa, don shi ma bai duba ba. Fili dai ya tafi.

Duk wanda ka san yana shirin sayen mota, ka tura masa wannan kafin ya biya. Wanda kuma ya gwada ELM327 ya kasa haɗa shi da wayarsa, ya yi magana a ƙasa, in sha Allahu zan yi bayaninsa daban da hotuna. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya haɗa mu da masu gaskiya.